Ina aika kuɗin abincinsu, amma an hana ni ganin ɗiyana

Assalamu alaikum Yaya. Ni mazaunin Gusau ne, shekarata 38, ina tuƙa keke Napep. Asalinmu mutanen wani ƙauye ne a yankin Maru, 'yan bindiga suka taso mu shekara huɗu da suka wuce. Bara na rabu da matata bayan zaman shekara tara, muna da ɗiya uku: namiji ɗan takwas, mace 'yar biyar, da auta ɗan uku. Ba zan ce ba ni da laifi ba, amma ta taɓa marina a gaban yara, ta kuma jefe ni da muciya. Da na kai kuka wani ofis, dariya aka yi mini, aka ce ƙato da gemu ya zo ƙarar mace. Yanzu ta yi aure, yaran suna hannun mahaifiyarta. Duk wata ina aika naira dubu 25 da tiya biyar ta gero, amma wata bakwai ke nan ban sa su a ido ba. In na je a ce sun tafi Islamiyya, ko suna barci. Da ƙaramar Salla na kai musu kaya, aka karɓa a zaure aka ce in sauka lafiya. Akwai wani rukunin maza da nake ciki a WhatsApp, suna cewa a zamanin nan namiji ba shi da haƙƙi, duk dokokin daidaito na mata ne, gwamnati da Turawa mata kawai suka sani. Sun ce in daina aika ko sisi, kuma tunda ta yi aure yaran nawa ne, in je makaranta in kwaso abina. Zuciyata ta fara karkata. Yaya, gaskiya suka faɗa? Me zan yi?

Wa alaikas salam, ƙanena.

Na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma zauren nan da aka karɓi kayan Salla aka sallame ka shi ne ya tsaya mini a rai, domin na san irinsa tun daga ciki. Ina 'yar shekara shida iyayena suka rabu, muka koma gidan kakata. Duk Juma'a in an sauko masallaci mahaifina yakan zo a kan kekensa, da rake ɗaure a bayan sirdi. Sai a tura almajirin gidan ya ce ba ma nan. Ni kuwa ina maƙale a bayan zana, ina leƙen ƙafafunsa ta wata 'yar kafa. Yakan tsaya jim, ya kwance raken ya miƙa wa yaron, ya juya keken. Daga baya ya daina zuwa, na kuma girma ina zaton ya gaji da mu ne. Sai da na yi aure na san cewa kunyar tsayuwa a ƙofar surukai ce ta kore shi. Don haka ba zan ce maka ka yi haƙuri kawai in rufe takarda ba. An zalunce ka, an kuma zalunci yaran nan uku fiye da kai, tunda su ba su da inda za su rubuta wasiƙa.

Haƙƙin da kake nema ba sai an jira wata sabuwar doka daga Abuja ba. Yana nan cikin Alƙur'ani, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, inda Allah ya hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ya kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Ayar ta ambaci uwa ta ambaci uba a jere. Malamanmu na Malikiyya, waɗanda kotunan Shari'a na jihar nan ke hukunci da littattafansu, sun fayyace abin. A Muhtasar na Shaihu Halil an bayyana cewa ko da yaro yana hannun mai renonsa, uba yana da damar bibiyar halinsa, da tarbiyyarsa, da tura shi makaranta. To ta yaya mutum zai tarbiyyantar da ɗan da aka ɓoye masa wata bakwai? Abin da tsohuwar surukarka take yi ba shi da madogara a shari'a, kuma ko wane alƙali ya san haka.

Amma mutanen rukunin naku sun ba ka shawara biyu, kuma dukansu rami ne.

Maganar cewa tunda ta yi aure yara sun dawo hannunka, ba haka fiƙihu ya ce ba. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya wuce ta wurin: reno bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani, sai renon ya koma ga kaka ta wajen uwa, bayanta kuma ga 'yar'uwar uwa. Uba yana can baya a layi. Wato kakar nan da kake jin haushinta, zaman yaran a hannunta bisa ƙa'ida yake, muddin tana da hankali da amana da ƙarfin kula da su, gidan yana da tsaro, kuma ba a gida ɗaya suke zaune da 'yarta da ta yi aure ba. Na san wannan ba zai yi maka daɗi ba, domin al'adarmu ta saba da akasin haka. Mu a nan da an yaye yaro sai dangin uba su aiko a ba su ɗansu, uwa ta bi su da ido. Yawancin wasiƙun da ke zuwa mini a kan wannan matsala daga mata suke fitowa, waɗanda su ma aka tsayar a zaure kamar yadda aka tsayar da kai. Zafin iri ɗaya ne, kuma abin da nake gaya musu shi nake gaya maka.

Batun zuwa makaranta ka kwaso su kuwa, don Allah ka cire shi daga ranka tun yau. Ka tuna a wane gari muke. Tun da aka kwashe 'yan mata 279 a makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, babu shugaban makarantar da zai ga mutum ya zo da keke Napep ya kwashi yara uku ya zuba masa ido. Kafin ka gama cewa ai kai ne ubansu, an tara maka jama'a. Ko Allah ya tsare ka daga wannan, gobe a gaban alƙali kai ne wanda ya ɗauki doka a hannunsa, ita kuwa tsohuwar ta zama abin tausayi. Sannan in tambaye ka tsakani da Allah: kana fita tun asuba, ba ka dawowa sai bayan isha'i, wa zai yi wa ɗan shekara uku wanka ya ba shi kunu? Shari'a ma ba ta damƙa wa namiji reno sai in yana da macen da za ta kula da yaran a gidansa.

Tsayar da kuɗi ya fi wannan muni. Dubu 25 ɗin nan da geron ba ladan ganin yara kake biya ba, cikinsu ne, kuma wajibi ne a wuyanka ko ka gan su ko ba ka gan su ba. In ka riƙe, surukarka ba za ta kwana da yunwa ba, 'yarka 'yar biyar ce za ta ga an rage mata tuwo. Ranar da za ka shiga kotu kuma, tambayar farko da za a yi maka ita ce ko kana ciyarwa. Yau kana da amsa mai ƙarfi, wata bakwai kana aikawa ba ka fasa ba duk da wulaƙancin da ake yi maka, a wannan tsadar da muka shiga tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wannan ita ce babbar hujjarka. Masu ce maka ka jefar da ita ba za su raka ka kotu ba.

Yanzu ga babbar tambayarka, ko gaskiya ne mata sun kwashe dokoki sun bar maza a rana. Ina ganin a nan an bar jaki ana dukan taiki. Mu duba abin da ya faru a zahiri. Ƙudurin daidaiton jinsi da Sanata Biodun Olujimi ta kai majalisar dattawa, an yi watsi da shi a Maris na 2016. A ƙarshen shekarar, a nan Gusau wajen musabaƙar Alƙur'ani, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya fito fili ya ce Musulmi ba za su yarda da dokar da za ta taɓa rabon gadon da addini ya tsara ba. A ranar 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta kayar da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta yi alkawarin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai ga mata, amma majalisar dattawan da aka kafa bayan zaɓen 2023 mata huɗu ne kacal a cikin kujeru 109. Kana iya goyon bayan waɗancan ƙudurori, kana iya ƙin su, ni kaina akwai wanda nake so akwai wanda ban yarda da shi ba. Abin da ba za a ce ba shi ne wai su suka hana ka ganin ɗiyanka. Ba su ma zama doka ba. Wadda ta tare maka ƙofa tsohuwa ce guda ɗaya da ke jin haushinka ko tsoronka, kuma ba ta taɓa karanta ko layi ɗaya na waɗannan takardu ba.

Tallafi kuma, gaskiya ne akwai shirye-shiryen da aka ware wa mata. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, maƙwabciyarmu Kebbi tana cikin jihohi bakwai da aka fara da su. Amma 'yar wa za ta zauna a irin wannan aji in ba irin taka ba? Kuma lokacin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, waɗanda suka cika layin karɓar taki da iri da injin ban ruwa akasarinsu maza ne, ba wanda ya kira shi shirin maza. Abin da aka ba maza sunansa shirin manoma ko na matasa, abin da aka ba mata ne kaɗai ake rubuta wa sunansu, shi ya sa ya fi tsone ido.

Duk da haka ba zan ce abokan naka ba su da gaskiya ko kaɗan ba, domin akwai ciwon da suke nunawa wanda na gaske ne. Mutumin da aka kora daga gonarsa, ya bar rumbu da shanu, ya zo birni yana haya yana tuƙa keken wani, ana sa ran ya ciyar ya tufatar ya biya asibiti, kuma ba a yarda ya ce wayyo ba. In aka kai hari ƙauye, maza ake fara harbewa, maza ake tilasta wa noma gonakin 'yan bindiga, amma da wuya ka ji an zauna taro a kan halin da waɗanda suka tsira suke ciki a zuci. Yaran da ke yawo da roba a bakin tasha da kasuwar Tudun Wada kusan duk maza ne. Sai a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in an yi musu haihuwa, kai da ke bisa titi wannan bai ma iso gare ka ba. Ranar mata ta 8 ga Maris kowa ya san ta, ta maza ta 19 ga Nuwamba takan wuce shiru. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata maza su yi magana a kansu da babbar murya, kuma ni zan tsaya tare da su. Inda nake rabuwa da rukunin naku shi ne inda aka mayar da wannan ciwo ya zama gaba da mata, har ake zuga uba ya hana ɗiyansa abinci don ya nuna shi namiji ne.

Marin nan da jifa da muciya, ban wuce su ba. Na lura a layi ɗaya ka faɗe su ka yi sauri ka bar wurin, kamar mai jin kunya. Abin kunyar yana kan waɗanda suka yi maka dariya. Da ka rama, da yanzu wani labari ake yi, ka danne zuciyarka ka tafi inda kake zaton za a saurare ka, aka mayar da kai abin raha. Dokar hana cin zarafin mutane da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015, wadda ake kira VAPP, mutane da yawa suna ɗaukar ta dokar mata. Lafazinta bai ware jinsi ba. Ta ce duk wanda ya doki abokin aurensa, miji ne ko mata, yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara uku ko tarar naira dubu 200, ko duka biyun. Ita ce ma dokar da ta fara amincewa cewa ana iya yi wa namiji fyaɗe. Tana aiki kai tsaye a Abuja, jihohi da dama kuma sun yi tasu irinta. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 shi ma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa, kuma namiji yana cikin wannan kariya. Matsalar tana ga mutumin da ke bayan tebur, wanda ya taso da tunanin cewa namijin da mace ta mara ba namiji ba ne. Wannan tunani kuwa mu muka raine shi a majalisunmu da gidajenmu, ba daga waje aka kawo mana ba. Ban ce ka tono wannan magana yanzu ba, aure ya ƙare, ta zama matar wani. Na faɗa ne don ka san abin da ya same ka laifi ne, kuma babban ɗanka da ya gani da idonsa yana ɗauke da shi a ransa.

Ga abin da nake so ka yi. Daga wannan watan kada ka ƙara ba yaro kuɗi ya kai. Ka tura ta banki ko ta mai POS, ka adana takardar. Geron kuma ka kai shi da mutum biyu da za su iya shaida. Sannan ka nemi dattijo daga danginka, baffa ko kawu, ku haɗa da limamin unguwar su surukar taka ko mai unguwa, su je su same ta cikin girmamawa. Kai kada ka yi magana da tsohuwar matarka, kada ka kira wayarta, kada ka bi ta ƙofar gidan mijinta, don kada a sauya wa maganar fuska. Dattawan su fara da tambayar tsohuwar abin da take tsoro. Ina kyautata zaton za ta ce tana gudun ranar da za ka ɗauke su ka ƙi dawo da su, domin ta ga an yi wa wasu haka. In wannan ne, maganinsa a hannunka yake: ka furta a gaban shaidu cewa ba ka zo karɓar reno ba, ganin ɗiyanka kake so. Kuma kada a tashi a kan "ai ƙofa a buɗe take, ya zo duk lokacin da ya so", wannan magana ba ta ɗaure kowa. A yanka rana da lokaci, misali duk Juma'a daga la'asar zuwa magariba, da yini guda a kowace Salla, a rubuta a sa hannu.

In ta ƙi sauraron dattawa, Hisba suna yin irin wannan sulhu. In nan ma abin ya faskara, ka tafi kotun Shari'a mafi kusa da inda yaran suke, da takardun kuɗinka da shaidunka. Ba dole sai da lauya ba, kana iya tsayawa da bakinka, in kuma kana son mai taimaka maka, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya tana tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ka taƙaita buƙatarka ga abu ɗaya, a ba ka damar ganin yaranka da bibiyar karatunsu. Kada ka shiga jero laifukan uwarsu, alƙali ba wannan ya zauna ji ba. In hukunci bai gamsar da kai ba akwai babbar kotun Shari'a, sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulki ya ba ikon duba al'amuran aure da na kula da ƙananan yara. In wata rana ka ga da idonka ana barin su da yunwa, ko an cire su daga makaranta an ɗora wa yarinyar talla, to wannan wata shari'a ce daban, a lokacin kana da hujjar neman a sauya mai reno.

Kafin duk wannan ya kankama, akwai ƙofar da ba wanda ya rufe maka. Ka je makarantarsu da rana tsaka, ka gabatar da kanka ga shugaban makaranta a matsayin uba, ka bar lambar wayarka, ka biya kuɗin zango da hannunka, ka tambayi malamin ajin babban yadda karatunsa yake. Ka sanar da surukarka ta bakin dattawa cewa za ka yi haka, kada ta ji a bakin wani.

Rukunin WhatsApp ɗin kuma, ka ɗan ja baya da shi ko na wata biyu ne. Mutumin da ke cikin zafi, in kullum dare yana kwana da muryoyin masu zafi irinsa, ba ya jin sanyi. Ka samu mutum ɗaya mai hankali, aboki ko malami, wanda za ka iya zama da shi ka faɗi abin da ke cinka, har da abin da ka baro a ƙauye, wanda na lura ba ka ce komai a kansa ba.

Ranar da Allah ya sa aka fito maka da su, kada ka ambaci uwarsu ko kakarsu da mugun abu, ko da wasa. Babban zai iya yin shiru yana kallon ƙasa, ka bar shi, ka tambaye shi inda ya kai a allo. Autan kuwa mai yiwuwa ya maƙale a zanen kakarsa ya ƙi zuwa, domin wata bakwai a wurin ɗan shekara uku lokaci ne mai tsawo. Kada ranka ya ɓaci, kada ka ce an zuga shi. Ka durƙusa daidai tsayinsa, ka miƙa masa abin da ka zo da shi, ka jira.